Motar Haya ko Ƙaramar Mota: Wace Ta Fi Dacewa da Mai Ziyarar Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram?

Duk shekara idan lokacin fita ziyarar gani da ido ya gabato, abin da ya fi cin lokacinmu a wajen shawara shi ne maganar mota. Wa zai ba mu aron tasa? Nawa za a zuba na mai? Ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo? Da wuya ka ji wani ya tambaya ko irin motar da za a shiga tana da nasaba da irin ilmin da za a komo da shi. Ni kuwa a ganina tana da nasaba ƙwarai, har ma ina iya cewa ita ce take yanke wa ɗalibi abin da zai gani da abin da zai ji tun bai bar gida ba. Ra'ayin da nake son in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, duk wanda ya nufi ƙasar duwatsu ta kudancin Jihar Jigawa, watau Birnin Kudu da Gwaram, da niyyar nazari, to motar haya ta fi masa ƙaramar mota amfani, muddin ya haɗa ta da acaɓa da kuma sayyadarsa. Na san akwai masu ja da wannan, kuma suna da hujjojin da ba na yarwa ba ne, zan kuwa zo kansu.

Kafin a yi gardama a kan abin hawa, ya kamata a san abin da ake zuwa nema. Birnin Kudu tana sama da kilomita 100 kudu maso gabas da Kano, a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Wudil ta nufi ƙasar Bauchi. Tana cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Mutane da yawa sun san ta saboda tsohuwar makarantar gwamnati da ke cikinta, wadda Muhammadu Abubakar Rimi da Aliko Ɗangote suka yi karatu, ko kuma saboda babban asibitin tarayya. Amma abin da ya kai sunanta cikin littattafan masana na duniya shi ne duwatsunta. A shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, ya bayyana wa duniya zane-zanen da ke jikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude da makamantansu. Galibin zanen na shanu ne, cikinsu har da wasu masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin waɗanda ba su makiyayanmu suke kiwo yau ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa an yi wata al'umma a wurin, mai wata irin dukiya, kafin wadda muka sani. Har ila yau akwai duwatsun kiɗa, kamar na Dutsen Murufu: falalen dutse ne da ya ɓantare daga uwarsa ya zauna a kan wani ta yadda idan aka ƙwanƙwasa shi da ɗan dutse sai ya yi amo kamar ƙuge, kuma ana ganin 'yan ramukan da yawan bugu ya bari a jikinsa. Waɗannan wurare suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da cibiya a garin domin su.

Daga nan idan ka nausa gabas sai ƙasar Gwaram, mai garuruwa irin su Sara da Kila da Fagam da Farin Dutse da Basirka, wadda ta yi iyaka da Jihar Bauchi. Can gaba kaɗan ga duwatsun Shira, su ma da nasu zane-zanen. Ga ɗalibin Hausa wannan yanki ya fi duwatsu. Mahaɗa ce ta kare-karen harshe, inda Kananci yake gogayya da Bausanci da Gudduranci. Akwai Fulani, akwai Warjawa ta wajen iyaka da ƙasar Ningi. Kuma kada mu manta, a wannan sashe na ƙasa ne harsunan Shirawa da Teshenawa da Auyokawa suka mutu, Hausa ta shanye su. Wanda ya je irin wannan wuri ya dawo da hoton dutse kurum, lalle ya yi asarar tafiya.

To, hujjata ta farko ta shafi kunne. Motar haya makaranta ce mai tafiya. Tun daga tasha a Kano har ka sauka, kana matse tsakanin ɗan kasuwa da tsohuwa mai zuwa suna da almajiri mai komawa gida da makiyayin da ya sayar da sa. Ba ka tambaye su kome ba, ba ka ɗora musu rikoda a baki ba, amma suna ta ba ka abin da ka fito nema. A aji an koya mana cewa a kare-karen harshe na kudu da na gabas bambancin jinsi yakan raunana, har a ce "mota ne" ko "rigan" a inda Bakano zai ce "mota ce" da "rigar". Karanta wannan a takarda daban, jin sa daga bakin fasinjan Ningi yana ciniki da kwandasta a kan kuɗin buhunsa daban. A nan ne za ka lura da wanda yake sauya harshensa idan ya juyo wajen Bakano, da wanda ba ya sauyawa, da irin zolayar da ake yi a kan haka. Wanda ya rufe gilashi ya kunna na'urar sanyaya mota, shi da abokansa uku da suka taso tare daga makaranta, ba abin da zai ji sai Hausar da ya baro gida da ita.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce yadda mutanen gari suke karɓar baƙo. Mutumin karkara ba wawa ba ne, ya daɗe yana karanta motoci. Ya san cewa ƙaramar mota mai ƙyalli ba ta shigowa ƙauye sai da dalili: ko ma'aikacin gwamnati, ko ɗan siyasa, ko mai neman sayen gona. Saboda haka tun kafin ka buɗe ƙofa an riga an ba ka matsayi, an kuma shirya irin amsar da ta dace da wannan matsayi. Ka tambayi tarihin dutse, a kawo maka kukan rijiyar burtsatse da ta lalace. Ka tambayi abin da kakanni suke yi a kogo, a ce maka ai wannan aikin jahiliyya ne, an bari tuntuni, domin ana tsoron kada babban mutum ya raina garin. Amma wanda ya sauko daga bayan acaɓa da ƙura a gira, ya yi sallama a ƙofar mai unguwa, ya sha ruwan da aka ba shi, wannan baƙo ne, yaro ne mai neman sani, kuma dattawa ba sa ƙyashin koya wa yaro. Bambancin bai tsaya ga ladabi ba, ya kai ga ingancin abin da za mu rubuta a kundayenmu na digiri. Sau nawa muka karanta kundi muka tarar da amsoshin da kowa zai iya ba da su ba tare da ya bar ɗakin kwanansa ba?

Sa'an nan ga wata magana ta tsarin ƙasar kanta, wadda masu son ƙaramar mota ba su cika lura da ita ba. Mota takan ɗaure mai ita da igiyar da ba a gani. Duk inda ka ajiye ta, tilas nan za ka komo. Idan ka hau dutse ta yamma, ka hango wani ƙauye ta gabas, makiyayi ya ce maka can akwai tsohon da ya san labarin wurin, ba ka da ikon gangarawa ka bi shi, domin motarka tana bayanka, rana tana yi, hankalinka yana kan ko yara sun kewaye ta. Mai motar haya ba shi da wannan nauyi. Yana iya sauka a wannan kwana, ya ratsa gonaki da duwatsu a ƙasa, ya ɓulla wata hanya dabam da la'asar, ya tsai da duk abin da ya zo wucewa. Tafiyarsa miƙaƙƙiya ce, ta wancan kuwa kullum je-ka-ka-dawo ce, rabinta maimaici. Balle ma yawancin abin da ake nema ba a bakin kwalta yake ba. Duwatsun da ke jikin garin Birnin Kudu ba su da nisa, daga tasha acaɓa ko ƙafa ta wadatar. Na cikin ƙauyuka kuwa, hanyarsu burtali ne da yashi da kwazazzabo, inda ƙaramar motar birni take kafewa, a tara samari su tura, a ƙare da biyan ladan da ya fi kuɗin acaɓa.

Maganar kuɗi ba ta bukatar dogon bayani. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya tashi shi ma, babu shakka, amma a motar haya mutum goma sha wani abu ne suke raba kuɗin tanki ɗaya. Abin da ƙaramar mota za ta sha zuwa da dawowa ya isa ya kai ɗalibi, ya ciyar da shi, ya kuma bar masa na goron dattawa.

Akwai hanya ta uku da muka fi sabawa da ita, watau a yi shatar babbar bas a kwashi aji gaba ɗaya. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin motar haya, ni kuwa ina ganin ƙaramar mota ce da ta yi ƙiba. Duk aibin waccan tana da shi, ta kuma ƙara da nata. Na taɓa shiga irin wannan ziyara zuwa wani wurin tarihi. Mun tashi a makare, mun isa rana tsaka, mutum wajen arba'in muka dunguma muka kewaye mai yi mana bayani, na baya ba sa jin abin da yake faɗa, na gaba suna ɗaukar hoton kansu. Ba mu cika sa'a guda ba direba ya fara danna ƙaho, wai yana son ya shiga gari kafin magariba. Da aka ce kowa ya rubuto rahoto, sai ga rahoto arba'in kamar an buga su a inji ɗaya. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma ba laifi ba ne a yi shi, amma kada a kira shi bincike.

Yanzu bari in juyo ga masu ja. Na farko za su ce motar haya ba ta san lokaci ba, kuma gaskiyarsu ne. Ba ta tashi sai ta cika, cikar ma irin wadda ake zaunar da mutum huɗu a kujerar uku, biyu a gaba kusa da direba, ga buhuna an ɗaure a baya har ƙofa ba ta rufuwa. Kana iya yin sa'a biyu a tasha kana jiran fasinja ɗaya. A ƙananan garuruwa kuwa samun mota ya danganta da ranar kasuwa: ran da take ci motoci kamar ƙudaje, kashegari sai ka yini a gindin bishiya. Idan la'asar ta yi sanyi, hanya takan ɗauke ƙafa. Amsata ita ce wannan ba ya hana tafiya, sai dai ya tilasta wa mutum ya tsara ta bisa kalandar mutanen wurin, ba bisa tasa ba. Ka tambayi 'yan kamasho ranakun kasuwannin yankin tun ranar da ka sauka, ka jera ziyarce-ziyarcenka a kansu, ka yi sammako, ka kuma sa a ranka cewa kwana za ka yi. Wanda ya ƙudura zuwa da dawowa a yini ɗaya, shi ne motar haya take ba wa kunya. Kuma zaman tashar nan da ake kuka da shi, ni ban ɗauke shi ɓata lokaci ba ga mai littafi da alƙalami a aljihu, domin karin magana da habaici da zaurancen 'yan tasha ba a samunsu a laburare.

Na biyu za su kawo maganar haɗari, kuma a nan ba ni da abin wasa. Lodin da ya wuce kima da gudun da ya wuce hankali da tayoyin da suka suɗe sun hallaka bayin Allah masu yawa a hanyoyinmu. A watan Agusta 2021 ruwa ya karya wata gada a Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu da mota ta afka ciki. Allah ya jiƙansu. Amma a lura, karyayyar gada ba ta tambayar ko motar haya ce ko ta gida. Abin da wannan musiba take koya mana ya shafi lokaci ne da kuma tambaya: kada a shirya irin wannan ziyara a tsakiyar damina, kada a yi tafiyar dare, kuma a nemi labarin hanya daga direbobin da suke bin ta kullum. A wannan fanni ma ɗan gari ya fi baƙo, domin shi ya san inda rami yake da inda ruwa yake tsallake titi, abin da malamin da ya tuƙo kansa daga birni, ga gajiya ga rashin sanin hanya, ba zai sani ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, rafuka suka janye, dutse kuma bai fara ƙuna irin ta bazara ba.

Hujja ta uku ita ce wadda na sallama mata. Akwai malamanmu da shekaru suka ja, waɗanda ba daidai ba ne a ce su yi sa'a uku a matse, ko su hau bayan babur a kan duwatsu. Akwai 'yan'uwanmu mata da yawa da hawan acaɓa bai dace da su ba, ko iyayensu da mazajensu ba za su yarda ba. Akwai mai larura a ƙafa, akwai kayan ɗaukar hoto da murya masu tsada. Sa'an nan idan maciji ya sari wani a bayan dutse, ko ƙudan zuma suka tashi, ko wani ya zame ya karye, ba lokacin jiran mota ta cika ba ne. Domin haka ban ce a kori ƙaramar mota ba. Cewa na yi a san matsayinta: ta kai waɗanda suke bukatarta, ta tsaya a cikin gari a matsayin motar ko-ta-kwana, kada ta zama ita ce ma'aunin inda za a je da lokacin da za a dawo.

Wani abin da yake damuna ya wuce mu ɗalibai. Sau da yawa idan aka yi zancen raya wuraren tarihi, abin da ake fara nema shi ne a shimfiɗa titi har gindin dutse, a share filin ajiye motoci. Ina roƙon a yi hattara. Hanyar da ƙaramar mota za ta bi, ita tifa za ta bi, kuma mai fasa dutse ba ya bambanta falalen da ke da amo da wanda ba shi da shi, duk tsakuwa ce a wurinsa. Zanen da ya yi ɗaruruwan shekaru a kogo, yaro ɗaya mai gawayi ko fenti ya isa ya ɓata shi cikin minti biyar, kuma yawan masu zuwa a gurguje shi yake kawo irin wannan. A Sukur ta Jihar Adamawa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1999, da ƙafa ake hawa ta kan hanyar da magabata suka daɓe da duwatsu, wannan kuwa bai rage mata daraja ba. A Tassili ta ƙasar Aljeriya, inda ake da dubban zane-zane har da na shanu, masu ziyara sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙasa tare da jagora. A ƙasar Suwizalan kuwa, tun 1906 hukumar gidan waya ta fara gudanar da motocin fasinja, yau kuma rawayen bas-bas ɗinta suna shiga ƙauyukan kan duwatsu bisa ƙayyadadden lokaci, har mai yawon dutse yakan sauka a wannan kwari ya hau mota a wancan. Garin Zarmat ma ba a shiga da motar gida sam. Mutanen da suka fi mu motoci su ne suka gane cewa dutse ba wurin mota ba ne.

Ban ce mu zama Suwizalan ba, abin da muke bukata bai kai haka tsada ba. Allo ɗaya a tashar Birnin Kudu, wani a ta Gwaram, mai ɗauke da sunayen duwatsu da ƙauyukan da suke kusa da su, da ranakun kasuwanni, da lokacin da mota ta ƙarshe takan tashi, zai yi wa baƙo aikin da titin miliyoyi ba zai yi ba. Ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyar direbobi da ma'aikatan gidan tarihi suna iya zama su zaɓi 'yan acaɓa kaɗan da suka san wuraren, a koya musu abin da ya kamata su faɗa wa baƙo da abin da ya kamata su hana shi, a kuma tsai da kuɗin kowane zango domin kada a riƙa ciniki da rigima. Ta haka kuɗin baƙo zai shiga aljihun ɗan gari, wanda kuwa yake ci daga dutse shi zai fi kowa tsare shi.

Game da sashenmu, shawarata ita ce a gwada wani tsari a ziyara mai zuwa. Kuɗin da za a ba mai babbar bas a raba wa ɗalibai. A kasa mu rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu, kowane rukuni da takardar gabatarwa zuwa ga hakimi ko dagaci, da garin da aka ba shi, da tambayar da zai bi: waɗannan su bi sunayen duwatsu da asalinsu, waɗancan su bi karin harshe a kasuwar Sara, wasu su zauna da mata a cikin gida su ji tatsuniyoyi da waƙoƙin daka, wasu su nemi makiyaya su nuna musu hoton shanun kogo su ji abin da za su ce. Mota ɗaya ta sashe ta zauna a Birnin Kudu tare da malamin da ke kula da mu, kowa yana da lambar wayarsa. A yi kwana uku, ran na huɗu a haɗu a gindin Dutsen Mesa da hantsi, kowane rukuni ya karanta abin da ya samo.